Zakka a Coci: Doka Ce Ko Bayarwar Son Rai?

A watan Oktoba na 2024 Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya tsaya gaban taron matasan cocinsa ya nemi gafara a kan wata magana da ya taɓa yi, cewa wanda ba ya fitar da zakka ba zai shiga sama ba. Ya ce wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ya kuma mai da jama'a ga Ibraniyawa 12:14, inda aka ce a nemi zaman lafiya da kowa, da kuma tsarki, wanda in ba shi ba mai ganin Ubangiji. Guntun bidiyon ya bi wayoyi har ya iso Zariya, kuma da yawan waɗanda suka gani sun ɗauka an soke zakka ke nan. Ba haka ba ne. A wannan jawabin ma ya zuga matasan su riƙa ba da abin da ya fi kashi 10. Barazanar ya janye, bai janye bayarwar ba.

Gardamar ta girmi bidiyon. Tun 2017 ma'aikacin rediyon nan na Legas, Daddy Freeze, ya tayar da ƙura a kanta a intanet. Amma abin da ya sa ta yi zafi yanzu a Sabon Gari da Samaru da Wusasa, aljihu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da buhun taki da kwanon masara duk suka haura. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Jihar Kaduna, Naira 72,000, in ya cire 7,200 ya san abin da ya cire: ko dai kuɗin makarantar yaro, ko maganin tsohuwa. Ba rashin bangaskiya ba ne in ya tambaya ko Allah ne ya ɗora masa wannan, ko mutum.

Zakka, baiko, godiya, iri

A bakin masu bi na Arewa, zakka ita ce ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, wasu kan ce ushiri. Baiko shi ne abin da ake sakawa a jaka ko tasa ranar Lahadi, ba shi da ƙayyadadden adadi. Godiya ita ce abin da iyali ke kawowa in an haihu ko an tashi daga ciwo, ko kuma a bikin godiyar kaka, lokacin da ake jibge buhunan masara da damman dawa a gaban bagade. Akwai nunan fari, wanda wasu majami'u suka mai da shi albashin watan Janairu ɗungurungum. Akwai kuma shuka iri, wato ba da kuɗi da niyyar samun wata biyan bukata. Gardamar da ake yi ta zakka ce, amma haushin da mutane ke kawowa cikinta sau da yawa na sauran ne. Mutum ya fitar da zakka, ya ba da baiko sau biyu a sujada ɗaya, ga kuɗin gini, ga gudummawar ƙungiya, sannan baƙon mai wa'azi ya ce a fito a shuka iri.

A Zariya akwai ƙarin abin da ke kawo ruɗani: Kirista da maƙwabcinsa Musulmi kalma ɗaya suke faɗa, tsarin kuwa daban. Zakkar Musulunci tana da nisabi, wanda dukiyarsa ba ta kai ba babu komai a kansa. A kuɗi ana fitar da ɗaya cikin 40 bayan shekara ta zagayo, a noman damina ɗaya cikin goma, a noman da aka sha wahalar ban-ruwa ɗaya cikin 20, kuma an jera rukuni takwas na masu karɓa a Suratut Tauba, aya ta 60. Zakkar coci, yadda aka fi koyar da ita a yau, ba ta da nisabi, ana fitar da ita duk sa'ad da aka samu, kuma majami'a ake kai wa. Wannan rashin nisabin shi ne inda talaka ya fi jin nauyi.

Abin da Shari'ar Musa ta tanada

Kafin Musa, sau biyu aka ambaci ushiri. A Farawa 14 Ibrahim ya ba Malkisadik, sarkin Salem kuma firist, ɗaya cikin goma na ganimar yaƙi. A Farawa 28 Yakubu ya yi wa'adi a Betel cewa in Allah ya kiyaye shi ya komo lafiya, zai ba shi ushiri. Masu cewa zakka wajibi ce suna kafa hujja da waɗannan: tun da ta riga Shari'a, ba ta ƙare da Shari'a ba. Masu ja da su kan amsa cewa Ibrahim sau ɗaya aka rubuta ya yi, daga ganima ba daga garkensa ba, kuma kaciya ma ta riga Shari'a amma manzanni ba su ɗora ta a kan al'ummai ba.

Cikin Shari'a kuwa an yi bayani dalla-dalla, kuma wanda ya karanta zai ga abin ya fi yadda ake faɗa a kan bagade faɗi. Littafin Firistoci 27:30-33 ya ce ushirin amfanin ƙasa, hatsi ko 'ya'yan itace, na Ubangiji ne. Dabbobi kuma ana bi da su ƙarƙashin sandar makiyayi ana ƙirgawa, ta goma ita ce ta Ubangiji, ba a zaɓe, ba a musanya. Ke nan mai awaki tara babu abin da ya hau kansa daga garken. Littafin Ƙidaya 18 ya faɗi masu karɓa da dalili: Lawiyawa, domin ba a ba su gādon ƙasa kamar sauran kabilu ba, aikinsu hidimar alfarwa. Su ma an umarce su su cire ushirin abin da suka karɓa su ba firistoci.

Maimaitawar Shari'a 14:22-29 ita ce ba a cika karantawa ba. A nan mai gona da iyalinsa su ne ke cin zakkar, a wurin da Ubangiji ya zaɓa, cikin murna. In hanya ta yi nisa ya sayar da amfanin, ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi sa ko tunkiya ko duk abin da ransa ke so, su ci, kada kuma ya manta da Balawe. A kowace shekara ta uku ba a kai ta ko'ina, ana tara ta a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Wasu malamai suna ganin zakka iri uku ce daban-daban, in an haɗa ta kai kusan kashi 23 cikin 100 a shekara. Wasu suna ganin ta shekara ta uku tana maye gurbin ta biki ne kawai. Kowanne aka ɗauka, abu biyu sun fito fili. Zakkar Isra'ila abinci ce daga ƙasa, ko da yake akwai kuɗi a zamanin. Kuma an rubuta rabon maraya da gwauruwa a cikinta da suna.

Wannan ya taɓa ɓangarorin biyu. Mai cewa Shari'ar tana nan daram sai ya bayyana inda ya kai zakkar shekara ta uku. Mai cewa ta wuce sai ya bayyana wa zai ciyar da wanda ya bar gona domin hidimar ikilisiya, tun da har yanzu akwai shi.

Malakai 3, ayar da ta fi yawo

Babu wa'azin zakka da ba ya biyowa ta Malakai 3:8-11. Allah ya tuhumi jama'a da yi masa fashi ta wajen zakka da baiko, ya ce la'ana tana kansu, su kawo dukan zakka ɗakin ajiya domin a sami abinci a gidansa, su gwada shi su gani ko ba zai buɗe tagogin sama ba, ya kuma tsauta wa mai cinye amfanin gona. Daga nan aka samo koyarwar da ta fi tsorata mutane: in mota ta lalace, ko yaro ya kwanta ciwo, ko kasuwa ta tsaya, to mai cinyewa ne, saboda an riƙe zakka.

Annabin ya yi magana ne bayan komowa daga bautar Babila, wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Almasihu, kuma Nehemiya 13 ya nuna irin halin da ake ciki a wannan zamani. Nehemiya ya dawo Urushalima ya tarar firist Eliyashib ya kwashe kayan babban ɗakin da ake ajiye zakkar hatsi da mai, ya ba wani ɗan'uwansa Tobiya ya zauna a ciki. Lawiyawa da mawaƙa kuwa ba a ba su rabonsu ba, kowa ya koma gonarsa, Haikali ya zama ba mai kula. Nehemiya ya watso kayan Tobiya waje, ya tsauta wa shugabanni, ya komo da Lawiyawa bakin aiki, jama'a suka ci gaba da kawo zakka. Sannan ya naɗa mutum huɗu da aka san su da amana a kan ɗakunan ajiya, aikinsu raba wa 'yan'uwansu. Gyaran ya haɗa da mai kawowa da mai karɓa.

Malakai kansa haka ya yi. Sura ta 1 da ta 2 firistoci yake tuhuma. A 3:5, ayoyi uku kacal kafin zancen fashi, Allah ya ce zai yi shaida a kan masu danne hakkin ɗan ƙodago da masu zaluntar gwauruwa da maraya da baƙo. Wanda ya karanta aya ta 8 ya tsallake ta 5 ya yanke wa'azin annabin gida biyu.

Sai batun la'ana. Masu kare koyarwar suna cewa Allah ba ya sākewa, kuma haka aya ta 6 ta faɗa. Masu ja suna nuna Galatiyawa 3:13, cewa Almasihu ya fanshi masu bi daga la'anar Shari'a. A nan hujjar masu ja ta fi ƙarfi, domin babu inda wani manzo ya yi wa wata ikilisiya barazanar la'ana a kan ushiri. Kuma Yesu da kansa, a Yahaya 9, ya ƙi yarda a ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Sabon Alkawari

Wurare kaɗan ne aka ambaci zakka a Sabon Alkawari. A Matiyu 23:23 da Luka 11:42 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa da suke fitar da zakkar na'ana'a da sauran 'yan ganyayen ƙanshi, suna barin gaskiya da jinƙai da aminci. Ya ce waɗannan ya kamata su yi, ba tare da barin waɗancan ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa zakka tana nan: Yesu bai soke ta ba. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce yana magana da Yahudawan da ke ƙarƙashin Shari'a, Haikali yana tsaye, Lawiyawa suna bakin aiki. A Luka 18 Bafarisiye ya yi fahariya da zakkarsa cikin addu'a, mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce. A Ibraniyawa 7 an kawo labarin Malkisadik domin a nuna fifikon firistancin Almasihu, kuma kowane ɓangare yana da ayarsa a surar: masu cewa zakka tana nan aya ta 8, masu ja kuma aya ta 12 mai cewa in firistanci ya sāke dole Shari'a ta sāke.

A taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, an rubuta wa al'ummai abu huɗu da za su guje wa, ba a sa zakka a cikin abin da aka ɗora musu ba. Ana iya cewa ba a jera kowane umarni a wasiƙar ba, kuma gaskiya ne. Sai dai Bulus ya rubuta surori biyu cur a kan tara kuɗi, 2 Korantiyawa 8 da 9, bai ambaci kashi 10 ko sau ɗaya ba. Ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Ya ce ana karɓar baiwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata wa wasu ba. A 1 Korantiyawa 16:2 ya ba da tsari: ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa.

Wanda ya tsaya nan ya ce to shi ke nan, ba a bin sa komai, bai gama karatu ba. Wannan Bulus ɗin, wanda ya ci da kansa da ɗinkin tanti, shi ne ya rubuta a 1 Korantiyawa 9:13-14 cewa kamar yadda masu hidimar Haikali ke ci daga Haikali, haka Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara. Ikilisiyar farko ma har gonaki aka sayar domin kada a sami mai rashi a cikinsu. Sabon Alkawari bai yanka adadi ba, amma bai rage nauyin ba. Abin da ya cire tilas ne da tsoro.

Yadda ta iso Wusasa

A ƙarnonin farko ikilisiya da bayarwar son rai ta rayu. Sai a shekarar 585 taron bishop-bishop a Makon, cikin Faransa ta yau, ya mai da ushiri wajibi har da hukuncin fitarwa daga zumunci, a 779 kuma sarki Shalaman ya sa ta cikin dokar ƙasa. Ta zama haraji a Turai har juyin juya halin Faransa ya soke ta a can a 1789.

Abin da ya zo ƙasar Zazzau ba wannan harajin ba ne. Dakta Walter Miller na CMS, mishan ɗin cocin Angilika, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, aka mai da mishan Wusasa a 1929. CMS tana da manufa tun zamanin sakatarenta Henry Venn cewa ikilisiyar 'yan ƙasa ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Haka ECWA, da ta tsaya da ƙafarta daga mishan ɗin SIM a 1954, ta ɗauki nauyin fastocinta da masu bisharar da take aikawa ƙauyuka. Riƙe kai na bukatar kuɗi a kai a kai, kuma ɗaya cikin goma lissafi ne da manomin Zazzau ya riga ya sani, tun da dami ɗaya cikin goma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Koyarwar da ta haɗa zakka da buɗin arziki da kariya daga masifa daga baya ta yi ƙarfi, a shekarun 1980, daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi.

A yau cocin Katolika ba ta yanka kaso ba. Dokarta ta 222 ta wajabta wa masu bi su tallafa wa bukatun ikilisiya, su kuma taimaki matalauta daga abin hannunsu. 'Yan Adventist suna riƙe da ushiri a matsayin koyarwa, kuma ba ya tsayawa a majami'ar da aka tara, ana aika shi babban ofishi a biya fastoci daga can. ECWA da Angilika da Baftis da HEKAN galibi suna koyar da zakka a matsayin hakkin mai bi, ba sharaɗin ceto ba, ko da yake zafin wa'azin ya danganta da wanda ke kan bagade. A cikin majami'un Fentikos ne ake samun iyaka biyun, masu tsanantawa ƙwarai da masu ƙin ta gaba ɗaya.

Tambayoyin da ake kai wa fasto

Yawancin masu bi ba gardamar Ibraniyawa 7 ke damunsu ba. Tambayoyinsu na bayan sujada ne, a gindin bishiya. Mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari ta ce, “Baba, daga ciniki zan cire ko daga riba?” In ta yi cinikin Naira 50,000, kuɗin kwando da na mota da na ɗan dako suka cinye 44,000, abin da ta samu 6,000 ne. Ushirinsa 600. In ta cire 5,000 daga cinikin, kusan duk ribar ta tafi, in ta maimaita sau da yawa jarin zai karye. A nan har masu cewa zakka wajibi ce mafi yawansu sun yarda cewa daga ƙaruwa ake cirewa, ba daga jari ba.

Haka manomin Giwa ko Soba da ya sami buhu 30 na masara, amma 8 na wanda ya ba shi taki bashi ne. Al'adar da aka gāda ita ce a ƙirga a masussuka a cire buhu 3. Wasu fastoci kan ce ya fara sallamar mai bashi, ya cire daga 22 da suka rage. Shari'ar Musa ba ta yi zancen cire kuɗin taki ba, Romawa 13:8 kuwa ta ce kada a riƙe hakkin kowa. Rance da kwasar adashi ba samu ba ne: na farko kuɗin wani ne, na biyu kuɗin mutum ne da ya riga ya tara. Albashi kuma, ko kafin a cire haraji da fansho ko bayan an cire, babu ayar da ta yanke, kuma duk wanda ya ce akwai, ra'ayinsa yake faɗa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta mai mahaifiya a kwance a asibitin Shika, kuɗin da ke hannunsa kuma na zakka ne kaɗai. Masu tsanantawa suna cewa zakka ba tasa ba ce balle ya karkatar da ita, ya kai ta majami'a ya dogara ga Allah. Amma Yesu ya yi magana a kan irin wannan kai tsaye a Markus 7:9-13, inda ya tsauta wa masu koya wa mutum ya ce wa iyayensa abin da zai taimake su da shi ya riga ya zama keɓaɓɓe ga Allah. Ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. 1 Timoti 5:8 kuma ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. Da wuya a sami hanyar kauce wa waɗannan ayoyi biyu. Ya sayi maganin.

Ana yawan kawo labarin gwauruwar da ta saka 'yan kuɗinta biyu, duk abin da take da shi, a Markus 12:41-44, domin a nuna talauci ba uzuri ba ne. Yesu ya yaba mata, wannan ba shakka. Sai dai a aya ta 40, dab da labarin, ya la'anci malaman da ke cinye gidajen gwauraye. Yabon na mai bayarwa da son ranta ne, ba izini ba ne ga mai karɓa ya matsa mata.

Wa zai ji a jikinsa

Kashi 10 ba nauyi ɗaya ba ne a kan kowa. Mai samun Naira 700,000 a wata in ya cire 70,000, saura 630,000, ba abin da ya ragu a tukunyarsa. Mai 72,000 in ya cire nasa, a tukunya za a gani. In aka ci gaba da wa'azin la'ana, na biyun ne zai ci bashi ya sa a ambulan, ko ya daina zuwa sujada saboda kunya, musamman inda ake duba katin zakka kafin a ɗaura wa mutum aure ko a yi jana'izar wani nasa. Na farkon kuwa koyarwar kashi 10 tana iya zame masa mafaka, ya biya ya ɗauka ya gama, alhali ma'aunin Bulus na gwargwadon samu zai nemi fiye da haka daga gare shi.

In kuma aka ɗauki bidiyon intanet a matsayin izinin rufe hannu, ba manyan majami'un Legas za su fara ji ba. Mai bisharar da ke ƙauyen Maguzawa a ƙasar Ikara ko Makarfi ne zai ji, wanda albashinsa ke fitowa daga kason da majami'un gari ke aikawa gunduma, shi da makarantar firamaren ikilisiya da gwaurayen da Zumuntar Mata ke kai wa hatsi. Abin da Nehemiya ya tarar ke nan: ma'aikaci ya bar aiki ya koma gona.

Akwai abu ɗaya da ɓangarorin biyu za su iya haɗuwa a kai ba tare da wani ya bar fahimtarsa ba, shi ne lissafi a fili. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya ce za a tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, domin kada a sami abin zargi, a gaban Allah da gaban mutane. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ita ma a lokacin da aka zartar da ita ta ɗora wa ƙungiyoyin da suka yi rajista ajiye lissafi da miƙa rahoto, ko da yake ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta yi adawa da sashe na 839 da ya ba hukuma damar dakatar da amintattu. Ikilisiya ba ta bukatar jiran hukuma a kan abin da Littafinta ya riga ya koya. Majami'u da yawa na Zariya suna da wannan tsari tun dā: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, ma'aji daban da fasto, a karanta rahoton kuɗi a gaban taron membobi. Inda ake yin haka, memba yana da damar ya ɗaga hannu a taron shekara ya tambayi dattawa nawa ya shigo, nawa aka aika gunduma, nawa aka biya fasto da mai bishara, nawa kuma ya isa hannun marayu da gwaurayen da ke cikin wannan majami'a.